Wace Kakar Ake Nufi? Sharhi Kan “Hasashen Kaka” Daga Madarumfa

Akuya tana haihuwa har ƙarfinta ya ƙare, saniya ma haka, giwa kuwa an ga tana haihuwa bayan ta haura shekara 60. Amma ɗiya mace, tsakanin shekara 45 zuwa 55 haila takan ɗauke mata, haihuwa ta tsaya, alhali tana da sauran ƙarfin da za ta yi shekara 20 ko 30 tana noma, tana daka, tana zuwa kasuwa. Me ya sa? Wannan ita ce tambayar da masana ilimin halittu suka daɗe suna juyawa, kuma amsar da ta fi yin suna a cikinsu ita ce wadda suke kira “hasashen kaka”. A cikin wannan ɗan rubutu ina son in auna hasashen da abin da muke gani a gidajenmu, in faɗi inda na yarda da shi da inda na ja.

Da farko mu raba tambayoyi biyu, don kada mu cakuɗa su. Ta farko ita ce “ta yaya?”, kuma amsarta tana cikin darasin SVT. Ɗiya mace tun tana cikin mahaifiyarta take samun dukkan ƙwayayen haihuwarta, wajen miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta saura miliyan 1 zuwa 2. Sadda ta balaga saura wajen dubu 300 zuwa 400, kuma a dukkan rayuwarta ɗari huɗu zuwa biyar kaɗai ne za su nuna. Sauran lalacewa suke a hankali. In suka kusa ƙarewa sai sinadaran da ke tafiyar da haila su ragu, in mace ta cika wata 12 ba ta ga jini ba sai likita ya ce ta ɗauke. Tambaya ta biyu ita ce “don me?”, kuma a nan gardamar take.

Na san akwai wanda zai ce ai haka Allah ya tsara, shi ke nan. Ba na musun wannan. Alƙur’ani kansa ya san da wannan matakin na rayuwar mace: Suratuɗ Ɗalaƙ ta ba da hukuncin idda ta wata uku ga wadda ta yanke tsammanin haila. Amma wanda ya yarda Allah ke saukar da ruwa, hakan bai hana shi koyon yadda hadari ke haɗuwa ba. Ba kuma sai ka haɗiye duk abin da masu ilimin juyin halitta suka faɗi ba kafin ka san hujjarsu ka auna ta. Ɗalibin da ke gudun karanta hujja, ranar da aka tare shi da ita ba shi da abin cewa.

Akwai wata amsa mai sauƙi da nake ji wajen abokai: wai a da can mutane ba su kai shekara 40, don haka daina haila sabon abu ne da asibiti da allura suka kawo. Wannan rashin fahimtar lissafi ne. In aka ce matsakaicin tsawon rai shekara 35 ne, mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ta jawo adadin ƙasa. Michael Gurven da Hillard Kaplan sun tattara ƙididdigar al’ummomin da ke rayuwa da farauta da tsince-tsince a 2007, suka nuna wanda ya tsallake ƙuruciya a cikinsu, shekarun da aka fi mutuwa a kai suna wajen 70. Ke nan tsofaffin mata ba jiya suka fara ba.

To mene ne hasashen kakar? Tushensa yana wajen George Williams, wanda a 1957 ya ce tun da ɗan mutum yana daɗewa bai iya ciyar da kansa ba, wataƙila ya fi wa mace riba ta tsaya da wuri ta kula da waɗanda ta riga ta haifa, a maimakon ta yi kasadar mutuwa wajen haihuwa ta bar marayu. William Hamilton kuma a 1964 ya kawo lissafin dangantaka: ɗanka yana ɗauke da rabin ƙwayoyin gadonka, jikanka kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka wadda ta raya jikoki biyu, a wannan lissafin, tamkar ta ƙara haihuwar ɗa guda ce. Sai Kristen Hawkes ta jami’ar Utah a Amurka da abokan aikinta suka zauna cikin Hadza, mafarautan da ke kusa da tabkin Eyasi a Tanzaniya, a shekarun 1980. Suka ga tsofaffin mata suna wuni suna tonon saiwoyi masu wuyar haƙa, kuma in uwa ta samu sabon goyo, girman yaron da aka yaye yana danganta da aikin kakarsa. A 1998 suka fitar da hasashen a cike: kakar da ke ciyar da yayayye tana ba ɗiyarta damar sake haihuwa da wuri, ta haka ne gadon tsawon rai ya yaɗu cikin ƴan Adam.

Hujjoji sun biyo baya. A 2004 Mirkka Lahdenperä da abokanta sun duba rajistocin haihuwa da mutuwa na Finlan da Kanada na ƙarni na 18 da na 19, suka ga duk shekara goma da mace ta ƙara yi bayan hamsin, takan samu ƙarin jikoki wajen biyu. Sannan ga dabbobin teku. Cikin dabbobin daji masu shayarwa, an tabbatar da doguwar rayuwa bayan tsayawar haihuwa a cikin manyan dabbobin teku masu haƙori iri biyar, wadda aka fi sani ita ce orka. A gaɓar tekun Fasifik, tsakanin Amurka da Kanada, an ga tsofaffin matan orka su ke shiga gaban garke, musamman a shekarar da kifin da suke ci ya yi ƙaranci, kuma binciken 2019 ya nuna jikan da kakarsa ta mutu ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Ɗan Madarumfa in ya karanta wannan, dole ya gyaɗa kai, don kusan hoton gidansu ne. Yarinya in ta yi cikin fari gidan iyayenta ake kai ta goyon ciki. Wankan jego na kwana 40 tsohuwa ke tsayawa kansa. Ranar yaye, wajen kaka ake kai yaro don ya mance nono. Ɗan fari, da kunyar da uwa ke yi masa har ba ta kiran sunansa, sau da yawa a ɗakin kaka yake tashi. Ungozoma ma ba ta zama ungozoma sai ta manyanta. Kuma in rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, wa ya san inda tafasa da yaɗiya da jiga suke? Wa ya san kwana nawa za a jiƙa anza ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita? Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 a ƙasar Maraɗi sun san amsar. Tsohuwar orka da ke jan garke zuwa wajen kifi da tsohuwar da ke jan jikoki zuwa daji neman haki, aikinsu guda. A wannan gaɓar na yarda da Hawkes: kaka tana raya jika, kuma abin ba ƙarami ba ne.

Amma ga inda na fara ja. Abu na farko: wace kakar? Mu dai mun san akwai kaka ta wajen uwa, akwai ta wajen uba, kuma duk wanda ya zauna a gidan gandu ya san ba ɗaya suke ba. Binciken ma ya san haka. Rebecca Sear da Ruth Mace sun yi amfani da bayanan da aka tara a ƙauyukan Gambiya daga 1950 zuwa 1974, suka fitar a 2000 cewa kakar wajen uwa tana ƙara wa yaro ƙiba da damar rayuwa, amma ba a ga irin wannan amfanin daga ta wajen uba ba. A Krummhörn ta arewacin Jamus, tsofaffin rajistocin coci sun nuna jariri ya fi mutuwa a watansa na farko inda uwar miji take raye. Beverly Strassmann, wadda ta shafe shekaru tana bincike cikin Dogon a Mali, ta samu kakar wajen uba tana tafiya tare da ƙarin mutuwar yara, ba raguwa ba. To mu fa? Amarya ake ɗauka a kai ta gidan miji. In ƴar Gabi ta auri ɗan Safo, uwarta tana Gabi, wadda take kwana tana tashi da ita uwar mijinta ce. Hasashen da ya jingina a kan uwa tana taimakon ɗiyarta, dole ya faɗa mana abin da ke faruwa inda aure ke raba uwa da ɗiya. Al’adunmu na goyon ciki da yaye, in ka lura, dabaru ne na maido da mace da ɗanta hannun uwarta a lokacin da haɗari ya fi yawa. Wato mutanenmu sun daɗe da gane abin da aka auna a Gambiya.

Michael Cant da Rufus Johnstone sun yi ƙoƙarin toshe wannan gurbin a 2008 da hasashen gasa tsakanin uwar miji da matar ɗa. Lissafinsu shi ne: in abincin gida bai isa goyo biyu ba, matar ɗa ba ta haɗa jini da abin da uwar mijinta za ta haifa ba, don haka ba ta da ribar janyewa. Ita kuwa uwar miji, abin da matar ɗanta ta haifa jikanta ne, ko ta janye ba ta tashi a banza ba. In aka yi dubban zuriya a haka, babbar ce za ta riƙa tsayawa. Hasashen yana da daɗin ji, kuma ya dace da kunyar da ake ji in uwar miji ta yi goyo tare da matar ɗanta. Sai dai shi ma ya ɗauka amarya bare ce. A wajenmu auren zumunci ya yi yawa. In uwar mijinki gwaggonki ce, abin da ta haifa ɗan uwanki ne na jini, kashi ɗaya cikin takwas, lissafin ya sauya ke nan. Sannan a gidan mata biyu ko uku, babbar gasar hatsi da kulawar mai gida tana tsakanin kishiyoyi ne, waɗanda duka suna cikin shekarun haihuwa. Wannan hasashen bai ce komai a kansu ba.

Abu na biyu: a ƙasarmu zama kaka da daina haila ba rana ɗaya suke zuwa ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ɗiya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi ma sama da 8, kuma kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Ku yi lissafin da kanku. Wadda ta haihu tana da 16, ɗiyarta ma ta haihu tana da 16, ta zama kaka tana da 32, da sauran fiye da shekara goma na haihuwa a gabanta. Shi ya sa ba mu mamakin kawun da ɗan yayarsa ya girme shi. Ta goya nata, ta goya jika, lokaci guda. Adalci ya sa in ce Maraɗin yau ba ita ce duniyar mutanen farko ba, kuma mafarauta irin Hadza sun fi mu jinkirin haihuwar fari. Amma misalinmu ya nuna mace tana iya aikin kaka ba tare da haihuwa ta tsaya mata ba. Ke nan taimakon jika shi kaɗai bai isa ya bayyana tsayawar ba.

Ita Hawkes ma, in aka karanta ta da kyau, ba tsayawar take bayani ba. Cewa take birin cimfanzi ma haihuwarsa tana ƙarewa wajen shekarun da tamu ke ƙarewa, abin da ya bambanta mu shi ne mu mun ƙara tsawon rai a bayan nan. Masu yaɗa hasashen a rediyo da Facebook su ne ke cewa “mace tana daina haila don ta yi renon jikoki”, wanda ya zarce abin da hujjar ta nuna. Kuma a 2023 wani bincike ya ƙara dagula lissafin. Brian Wood da abokansa sun bi matan cimfanzi 185 a Ngogo, cikin gandun dajin Kibale na Yuganda, da bayanan shekara 21. Ba su ga wadda ta haihu bayan shekara 50 ba, da yawa kuma sun rayu shekaru bayan nan, har gwajin fitsarinsu ya nuna irin sauyin sinadaran da ake gani ga mata. Amma matan cimfanzi suna barin garken da aka haife su in sun balaga, tsofaffin kuma ba a ga suna renon jikoki ba. Ga tsufa bayan haihuwa, babu aikin kaka. Mai yiwuwa wadatar abinci da ƙarancin namun da ke farautarsu a Ngogo ne suka sa haka, amma ko ma mene ne, hasashen kaka bai da ikon cewa shi kaɗai ne mabuɗin.

Abu na uku, wanda ya fi taɓa mu kai tsaye: ba duk taimakon kaka ba ne taimako. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, a asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya, sun ga ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai cikin matan Hausawa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Wa ke dama kunun, wa ke riƙe da ganyen wankan? Kaka. Haka batun zubar da dakashi wai nono ne mara kyau, da ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo tun kwanakin farko, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, dakashin nan kuma shi ne rigakafin farko na yaro. Ba mugunta ba ce, abin da ta gada ne take yi da zuciya ɗaya. Amma ilimin tsofaffi yana ɗauke da daidai da kuskure a ƙwarya guda. Ko a bakinmu, in aka ce wa yaro “goyon kaka” ba yabo ake yi masa ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tun da ita ke da iko a ɗakin mai jego, duk wani shirin lafiya da ya tara ƴan mata matasa ya yi musu bayani ya bar uwar miji a gida, ya yi rabin aiki. An yi makarantar mazaje da ta fara daga Damagaram don jawo maza cikin lafiyar iyali. A Senegal, Judi Aubel da abokan aikinta sun gwada jawo kakanni cikin harkar abincin uwa da jariri, suka ga shawarar da kakannin ke bayarwa ta sauya. Mu ma nan wajen ya kamata a fi ƙarfafawa.

Akwai wani hasashen da nake son in ja kunnen samarinmu a kansa kafin ya iso fada a gurguje. A 2013 wasu masana a jami’ar McMaster ta Kanada sun gwada a kwamfuta cewa wai son da maza ke yi wa mata masu ƙuruciya shi ya sa haihuwar manyan mata ta lalace a hankali. Na san yadda wani zai karɓe shi: “Kun ji ko, ko kimiyya ta ce a ƙaro amarya.” To, na ɗaya, lissafin kwamfuta ne, ba abin da aka gani a cikin mutane ba. Na biyu, ana iya juya shi: wataƙila don haihuwa tana tsayawa ne maza suka karkata ga matasa. Na uku, bai gaya mana komai ba game da orka, ga cimfanzi kuma, wanda mazansa sun fi son manyan mata. Na huɗu, ko da gaskiya ne, bayanin yadda abu ya samo asali ba izini ba ne na wulaƙanta uwargida.

Wannan ya kawo ni ga babban abin da ke damuna da yadda ake tallar hasashen kaka. Yana iya sa mu auna darajar tsohuwa da yawan jikokin da ta yi wa bauta. To wadda ba ta taɓa haihuwa ba fa? Baba ta Karo, Bahaushiyar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙe ɗiyan dangi ta aurar da su, kuma daga bakinta ne duniya ta san rayuwar matan Hausa ta wancan zamani. A lissafin Hamilton ba ta da jika ko ɗaya. A lissafin gari kuwa uwa ce. Mu kuma mun san wace irin tsohuwa ake fara nuna wa yatsa da maita in yaro ya yi zazzaɓi: wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Ilimin juyin halitta yana ƙirga zuriya, aikinsa ke nan, ba ya raba wa mutane mutunci.

Sannan duk wannan gardamar ana yin ta ne a kan jikin iyayenmu, su kuwa ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Zafin da ke taso wa mace farat ɗaya, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi: abubuwa ne da aka sani suna zuwa da ɗaukewar haila, suna da bayani kuma akwai abin da ke sauƙaƙa su. A gidaje da yawa iska ake cewa, ko sammun kishiya, a kashe kuɗi wajen neman magani. Akwai kuma abu guda da ya kamata kowannenmu ya kai gida: in jini ya dawo wa mace bayan ta shekara da ɗaukewa, ba haila ba ce ta dawo, alama ce da ke bukatar a je likita ba da jinkiri ba, don yana iya zama ciwon daji na mahaifa.

Hukuncina a kan hasashen kaka shi ne ya ga gaskiya, amma gefe guda. Ya iya bayanin amfanin tsawon rai, ya gaza wajen bayanin tsayawar haihuwa, kuma ya yi wa kalmar “kaka” kuɗin goro. An gina shi da Hadza da Finlan da Gambiya da tekun Fasifik, alhali tsakanin Ɗan Isa da Jiratawa akwai gidaje dubbai da za su iya gwada shi. Ƴan uwanmu da ke Jami’ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna neman abin rubuta kundin ƙarshe, ga shi a ƙofar gida. Tambayoyin ba su da tsada: wa ya yaye ka, kakar wajen uwa ko ta wajen uba? Shekarunta nawa sadda ta samu jikan fari, kuma ta sake haihuwa bayan nan? A shekarar yunwa, wa ya ci da gidan? Littafin rubutu da biro sun isa a fara, sai dai a gaggauta, don masu amsar ba za su jira mu gama digiri ba.